Atika Uba, Wadda Ta Ƙi Sa Hannu

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Asabar, 9 ga Agusta, 2025, Allah Ya karɓi ran Malama Atika Uba, mai kula da rumbun bayanai na kamfaninmu na jimar fata a Challawa, bayan gajeriyar jinya.

Yaya Atika, ke kika koya mini aikin nan, ke kuma kika koya mini iyakarsa. Kin sha gaya mini cewa manhajar da ke bibiyar sauye-sauye a rumbun tana nuna an taɓa layi kaza ne kawai. Ba ta faɗin wanda ya taɓa, ba ta ajiye abin da ke wurin a da, kuma bayan 'yan kwanaki takan share abin da ta tara.

Na ga amfanin wannan magana ranar da fatu suka lalace a ganga, saboda wani ya sauya ma'aunin sinadari a kwamfuta. Manaja ya ɗora laifin a kan Obadiya, mutumin Kafanchan mai 'ya'ya huɗu, don shi ke bakin aiki. Ya ce ki sa hannu cewa na'ura ta kama shi. Kika yini kina bincike, kika tarar duk ma'aikatan sashen da lambar sirri ɗaya suke shiga.

Kika dube shi kika ce, "Ranka ya daɗe, na'ura ba ta ambaci sunan kowa ba. Ni ma ba zan ambata ba. In kora ce, a fara da ni."

Aka hana ki ƙarin girma, ko a jikinki. Obadiya na nan yana aikinsa. Daga baya kika matsa sai da aka ba kowa lambarsa, aka kuma fara ajiye tsohon bayani kafin a rubuta sabo.

Tun ba a yi sadakar bakwai ba, wasu suka fara cewa a kashe tsarin ajiye tsohon bayanin da kika kawo, wai yana sa kwamfuta nauyi. To, su ji da kyau: ina kan kujerarki, kuma ba za a kashe ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ga Malam Sule maigidanki, da Inna mahaifiyarki, da yaranki, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Amin.

Binta Yahaya, Challawa