Ruwan da Tsohon Balawi Ya Zuba

Mun tashi da asuba daga Tremont, ni da abokina ɗan Nijar mai tasi. Ku da kuka cika mini waya da saƙo wai an gan ni a majami'ar Yahudawa, ba ƙarya aka yi mini ba. Na shiga, kuma ga yadda aka yi.

Shekara uku ke nan ina jinyar wani tsoho Bayahude a nan Bronx, haifaffen Halab ta ƙasar Siriya. Baba nake ce masa. Tun da ya faɗi ya karye a ƙugu, ɗansa ya hana shi zuwa majami'arsu ta Brooklyn. Makon jiya ya riƙe hannuna ya ce, "Ka kai ni in zuba ruwa ko sau ɗaya kafin in mutu." Ɗan ya ce in wani abu ya sami tsohon, a bakin aikina. Na ce na ji.

Muka ɗauke shi da kekensa na guragu. Ko gari bai waye ba manyan motoci sun cushe hanya, ga ramuka kamar ba a Amurka ba. Abokina yana ta mita, wai kuɗin haye gada ɗaya ya isa cefanen gida a Maraɗi.

A mota na tambayi Baba wane ruwa ne wannan. Ya ce shi Balawi ne, ɗan ƙabilar Lawi, wadda Annabi Musa da Annabi Haruna suka fito daga cikinta. A littafinsu, da aka raba wa Bani Isra'ila ƙasa, kowace ƙabila ta sami yankinta ban da su. Garuruwa aka ba su a warwatse, da ushirin amfanin gonar kowa. Su ke ɗaukar tantin ibada a hamada, su ke tsaron ƙofa, su ke waƙa. A cikinsu ma jikokin Haruna kaɗai ke miƙa hadaya, a ba su ƙirji da cinyar dabbar. Bare in ya matso, mutuwa ce.

Abokina ya ce, "Wato ci ba noma!" Baba ya yi dariya har da tari. Ya ce yau abin da ya rage masa kaɗan ne: ya zuba wa jikokin Haruna ruwa a hannu kafin su sa wa jama'a albarka.

A ƙofar majami'a mai gadi ya dubi hulata ya girgiza kai. Baba ya danne birkin kekensa ya ce, "In bai shiga ba, a nan zan zauna." Aka buɗe mana.

Da lokaci ya yi aka kawo butar azurfa. Ta yi masa nauyi, na miƙa hannu. Ya ce, "Kar ka taɓa butar, gwiwar hannuna za ka tallafe." Na tallafe. Ya zuba wa wani jikan Haruna, magidanci mai shagon takalma, rabin ruwan a ƙasa, hawaye na bin gemun Baba.

Bayan an idar, wani siririn dattijo ya zauna yana karantarwa, har jikokin Harunan suka kewaye shi suna saurare. Na ce, "Baba, shi ma ɗan ƙabilarku ne?"

"Ina! Ubansa tela ne. Ruwa muka gada, karatu kuwa sai wanda ya yi."

Maganar ta soke ni. Ni ɗan mahauci ne daga zangon Kumasi. Shekara goma sha ɗaya na yi a gaban malamai, amma a masallacinmu na nan Bronx dattawa suka hana ni karantar da magidanta, wai wannan aikin 'yan gidan malamai ne. Shekara biyu na haɗiye.

A hanyar dawowa muka tsaya shan shayi da wani burodi mai riɗi, zagaye kamar awarwaro. Baba ya ci biyu, ya ce kar likita ya ji. Muka tarar da ɗansa a bakin ƙofa ya haɗe rai. Da ya ji uban yana rera waƙar ibada, sai ya karɓi keken daga hannuna ya tura shi ciki.

Da la'asar a masallaci babban dattijonmu ya tare ni. "Malam, mun ji inda ka je."

"Na je, Alhaji. Kuma ranar Asabar zan fara karantarwa. In an ba ni wuri a nan, alhamdu lillahi. In ba a ba ni ba, ina da falo."

Ba a ba ni ba. Ranar Asabar mutum bakwai suka zo falona, har da ƙanen dattijon.

Abin da na koyo shi ne, mutanen da littafinsu ya rubuta musu gata baƙi da fari sun san inda gatan ya tsaya. Mu da ba a rubuta mana ba, muka ƙaga shi muka ɗora wa juna. Na girmama gidan kowa, amma ba zan ƙara neman izini a kan karatun da na sha wuyarsa ba. Mai zagi ya ci gaba, mai son karatu ya zo da littafinsa.