Mama Alice da Doyar Sabon Fasto

Duk Asabar da hantsi za ka iske Mama Alice a cocinmu na Karshi tana goge benci, tana mitar masu manna cingam a ƙarƙashinsa. Shekara ashirin da shida ke nan, sai yanzu da gwiwa ta matsa mata za ta ajiye tsumman. Ba ta cikin dattawan ikilisiya, ba ta taɓa hawa mumbari ba. Amma in ba don ita ba, da yau cocin nan ya rabu biyu.

Bara aka sanar cewa Baba Fasto Ɗangoggo zai yi ritaya, za a turo Fasto Mika'ilu daga Maitama, unguwar masu kuɗi a Abuja. Nan fa hankali ya tashi. Baba ne ya ɗaura auren rabinmu. Manoma suka ce wanda ya saba da masu kwat da manyan motoci, ina ya san hanyar gona? Rakiya, shugabar zumuntar mata, ta fito fili ta ce ranar da Baba ya sauka, ita da mutanenta za su koma sujada a gindin mangwaron gidanta.

A wurinmu ba a cin sabuwar doya sai fasto ya shiga gida ya yi addu'a a kanta, ya ci loma ta farko. Mama ta je ta durƙusa gaban Baba.

"Baba, bana ka bar wa sabo addu'ar doya."

"Alice, ta ƙarshen ma za ki hana ni?"

"Ka ci ta shekara da shekaru, Baba. In ka ci ta bana, shi ba za a taɓa kiransa ba."

Daga ƙarshe Baba ya ce to.

Mako uku tana jan Fasto Mika'ilu gida-gida, a ƙasa, da wannan gwiwar tata. Kafin su shiga sai ta raɗa masa wa aka yi wa rasuwa, wa za a fara gaisarwa. A gidan Rakiya aka ajiye doya da manja, bawan Allah ya ɗaga kai zai nemi cokali mai yatsu. Mama ta take masa ƙafa. Ya wanke hannu, ya kai loma da zafinta, har hawaye suka zubo masa.

Rakiya ta tuntsire da dariya. "Oga Fasto, a hankali! Doyar ba ta da mitin a Maitama."

Ranar miƙa aiki, Rakiya da matanta ne suka cika bencin gaba, su suka tayar da waƙa. An gode wa kowa a lasifika, har mai janareta. Babu wanda ya ambaci Mama, kuma ni ma ina wurin ban ce komai ba. Abin yana damuna har yau.

Mama, ke ce allura cikinmu, kika ɗinke ikilisiya tun kafin ta yage. Ke kika hana tsoho abin da yake so, kika koya wa baƙo cin abincinmu. Mun gode, Allah ya ƙara miki lafiya.

Ku da za a canza muku fasto, kada ku tsaya jiran kwamiti. A samu mutum ɗaya ya kama hannun baƙon, ya shiga da shi gidan da aka fi ƙin sa.