Kalan Gyaɗa a Bayan Pantami

Ni ne mai laifi, ba Modu ba, kuma tun a ranar na san haka.

Kakar shekarar da na shiga aji biyar ce, wata Asabar da hantsi, a gonar Malam Buba da ke bayan Pantami. Ita kaɗai ta rage a wajen, sauran duk an yanka su fuloti an jera bulo. A al'ada, idan mai gona ya tuge gyaɗarsa ya kwashe, abin da ya maƙale a ƙasa na kowa ne, shi ake kira kala. Muna ƙanana 'yan layinmu kaɗai ke zuwa da guntayen fartanya, mu cika gwangwanaye, mu hura wuta da kara mu gasa, mu yi langa har la'asar. Amma unguwa ta yi ta cika. Rijiyarmu ta soma ƙafewa tun kafin bazara, malmalar tuwon Inna ta yi ta ƙanƙancewa, a gonar kuma masu kala suka fi gyaɗar yawa.

Ba mu ga laifin gidajenmu ba, inda kowace shekara sai an yi suna. Ban ga laifin Baba ba, da ya sayar da tamu gonar. Baƙi muka sa wa ido. Modu sa'ana ne, rikici ya koro shi daga Barno tare da kakarsa, suna zaune a wani kango marar ƙofa. Ba ya wasa, ba ya gasawa. Tun asuba yake tono, domin abin da ya samu shi tsohuwar ke soyawa ta sayar su sayi garin tuwo. Na san da wannan sarai.

Ranar na tona har tafin hannuna ya yi kanta, ban rufe gindin gwangwani ba, shi kuwa kwanonsa ya kusa cika. Na tare shi a bakin kwalbati na ce, "Ku kuka cinye mana gari! Babu ƙasa ne a garinku?" Yara suka ɗauka da ihu. Na fizge kwanon na juye shi cikin kwata. Bai yi kuka ba, kallona kawai ya yi. Da yamma na wuce na ga tsohuwar a durƙushe tana tsamo gyaɗar ɗaya-ɗaya daga baƙin ruwa. Na sauya hanya, na je gida na cinye tuwona.

Yau gonar Malam Buba layuka ce da shaguna, yarana ba su ma san mene ne kala ba. Ɗaki ɗaya nake haya a Nasarawo, kuma da kunnena na ji matar mai gidan tana cewa mun cika musu gida, mun shanye musu ruwa.

Bara na tari keke Napep a Tudun Wada, sai ga Modu ne ke tuƙi. Ya gane ni ta madubi, ya ɗaure fuska. Na tambaye shi lafiyar tsohuwar, ya ce ta daɗe da rasuwa. Da na sauka na riƙe ƙarfen keken na ce, "Modu, ni na zubar maka da gyaɗa, alhali na san abincinku ce. Ita kam na makara neman gafararta. Kai dai, don Allah ka yafe mini."