Takardar Da Ban Kai Ba

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aiki a wata maɗaba'a a Maourey, bayan kasuwa. A shida daga cikinsu ni ne delege, wato wakilin da ma'aikata suka zaɓa ya tsaya musu a gaban mai wurin da kuma a sandika, ƙungiyarmu ta ƙwadago. Ina kan injin bugu. Can ƙuryar zauren akwai wani dattijo mutumin ƙasar Tawa, shi ke riƙe da masiko, injin yankan takarda mai wuƙa da ta kai tsawon hannu biyu. Kowa Baba yake ce masa. Ba ya da yawan magana, kuma ban taɓa ganin ya yanke takarda a karkace ba.

Ban da sandika, ina cikin jam'iyya, wadda ke cewa ita ce ta ma'aikata da talakawa. Na yarda da ita da zuciya ɗaya. Wanda ya shigar da ni shi ne sakataren sandikarmu, maƙwabcina a Harobanda, unguwar tsallaken kogi. Shi ya koya mini karanta dokar aiki, layi-layi, muna zaune a kan benci a ƙofar gidansa da la'asar. Ya girme ni da kusan shekara goma, amma bai yarda in ce masa Yaya ba, sai Kamarad.

Da zaɓe ya gabato, Alhaji mai maɗaba'ar ya karɓi aikin buga hotunan 'yan takararmu. An ce rabin aikin kyauta ya yi wa jam'iyya. Mun yi murna, don a ganinmu aikin gida ne. Takarda ta cika zauren har babu wurin shimfiɗa tabarmar salla.

Masiko yana da maɓalli biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Wuƙar ba ta sauka sai mutum ya danna su tare, don hannayensa biyu su kasance nesa da bakinta. A tsakiyar wannan aiki maɓallin hagu ya lalace. Mai gyara ya ce sai an kawo wani daga waje. Alhaji ya ce a haɗa wayar kai tsaye, a ci gaba da ɗaya. Na gani. Na ce masa akwai hatsari, ya ce sati biyu ne kawai. Ban sake magana ba. Da hotunan abokan hamayya muke bugawa, na san da na tsayar da injin a ranar.

Saura kwana tara zaɓe, bayan azahar, na ji Baba ya yi salati sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Ko da na waiga yana tsaye riƙe da hannunsa na dama, jini yana bin takardun. Yatsu uku suka tafi. Muka naɗe hannun da rawanin wani, muka tare taksi zuwa gidan likita.

Washegari da safe na zauna a teburin ɗinkin littattafai na cika takardar bayyana hatsarin aiki. Doka ta ba da 'yan kwanaki kaɗan a kai ta ofishin sufeton ƙwadago. Nauyin mai wurin ne, amma in ya ƙi, delege yana iya kaiwa. Na san Alhaji ba zai kai ba. Kafin in fita na kira sakatare a waya don ya sani.

Ya ce, “Kamarad, ka san abin da jaridun can ɓangaren za su yi da wannan? Za su ce jam'iyyar ma'aikata ta yanke hannun ma'aikaci a kan hotunanta.”

Na ce, “To ai haka aka yi.”

“Kwana takwas nake roƙo. In mun ci, da kaina zan kama hannun tsohon nan in kai shi inda za a share masa hawaye. In mun faɗi, ba shi kaɗai zai yi asara ba.”

Na ninke takardar na sa a aljihun riga. Da na koma gida na tura ta cikin littafin dokar aiki.

Muka ci zaɓe. Ranar da aka bayyana sakamako na tsallako gada a ƙafa saboda motoci sun cushe, kowa yana danna oda, mata suna guɗa daga cikin motocin haya na faba-faba. Ni ma na yi tsalle, ba zan ɓoye ba. Kafin wata ya cika aka naɗa sakatarenmu mashawarci a wata babbar ma'aikata ta gwamnati. Ya tashi daga Harobanda. Manyan sandikoki kuma suka amince a ba sabuwar gwamnati lokaci ta zauna da gindinta, babu yajin aiki sai an ga kamun ludayinta.

Bayan wata biyu Baba ya dawo wurin aiki, hannun a cikin hannun riga. Alhaji ya karɓe shi da fara'a, ya yi masa jaje, ya ba shi wani abu a ambulan, sannan ya ce masa masiko ba ta mai hannu ɗaya ba ce. Da na shiga maganar, sai Alhaji ya ce Baba ɗan aikin yini ne, ba su taɓa sa hannu a kwantiragi ba. Mutumin da ya riga yawancinmu zuwa wurin.

A ranar na ɗauko takardar na tafi wurin sufeto. Mutumin kirki ne, ya karanta ta har ƙarshe. Ya duba ranar da na rubuta a sama, ya dube ni.

“Kai ka cika wannan?”

“Ni ne.”

“Me ya hana ka kawo ta a lokacin?”

Ya ajiye takardar a kan teburinsa. Ya ce zai zo ya duba, kuma ya zo. Sai dai an riga an sa sabon maɓalli, injin yana aiki lafiya lau. Ya ce ƙofa ba ta rufe gaba ɗaya ba, amma yanzu magana ce ta shari'a da shaidu, kuma tana iya cin shekaru.

Sau uku na je ma'aikatar kafin in samu ganin sakatare. Ya rungume ni, ya sa aka kawo mini ruwan sanyi. Bai yi kamar ya manta ba, wannan na shaide shi. Da kansa ya tambayi jikin Baba.

Na ce, “Ka yi alkawari za ka kama hannunsa.”

Ya ce, “Ina nan a kan bakana. Amma ka san Alhaji ya taimaki tafiyar nan, yana da masu jin maganarsa sama da ni. In na taso shi yanzu, ni za a ce ina yi wa gwamnati zagon ƙasa. Muna shirya gyaran doka da zai rufe irin wannan ɓaraka ga kowa da kowa. Ka ba mu shekara.”

“Baba zai ci gyaran doka ne kafin shekara?”

Ya sunkuyar da kai yana juya alƙalami. Ya ce zai kira Alhaji su yi magana ta fahimta. Ban san ko ya kira ba.

Na tara ma'aikata a tsakar gidan maɗaba'ar lokacin hutun rana, na faɗa musu cewa sandika ba za ta goyi bayan yajin aiki yanzu ba, sai mu yi haƙuri. Akwai wata mata 'yar Damagaram da ke shugabantar teburin ɗinki, bazawara mai 'ya'ya huɗu, wadda ba ta taɓa buɗe baki a taro ba. Ta ajiye kwanon dambunta ta ce, “Delege, washegarin abin nan a teburina ka zauna ka cika takarda. Da idona na gani. Ina ta kwana?”

Ina iya cewa ofishi ne ya yi jinkiri, kuma da yawansu za su yarda. Na faɗi gaskiya, ba don jarumta ba, don na ga ta riga ta sani. Na faɗa musu wanda ya roƙe ni da abin da ya sa na amsa. Babu wanda ya zage ni. Wani Bazabarme da muke aiki a inji ɗaya ya tashi ya wanke hannunsa ya koma ciki, bai dube ni ba.

Matar nan ce ta ce kada kowa ya taɓa inji washegari. Ba mu da izinin sandika, ba mu ba da sanarwa ba, ni na fi kowa sanin cewa doka ba ta tare da mu. Duk da haka muka zo da safe, kowa ya zauna a ƙasa kusa da injinsa. Mutum biyar suka ƙi, suka ce suna da iyali, ba a hana su ba. Lokacin komawar yara lakwal ne, wato makaranta, littattafan rubutu sun taru, masu saye suna zarya. A rana ta biyu aka kira ni daga ofishin sandika aka ce in janye mutanena, ina kunyata tafiya. Na ce ba mutanena ba ne, ba ni na zaunar da su ba.

A rana ta uku Alhaji ya sauko. Ya ce zai mayar da Baba a matsayin mai gadin ƙofa, da kwantiragi a rubuce, amma babu maganar diyya, kuma a janye batun shari'a. Ni ban so ba. Matar ta ce ba ni zan yanke ba, a tambayi mai hannun.

Ni aka aika. Baba yana haya a wani gida na laka can bayan unguwarmu. Na same shi a zaure yana koyon ɗaure igiyar takalmin jikarsa da hannun hagu. Na isar da saƙon Alhaji. Ya ce ya karɓa, ba ya da shekarun da zai ba kotu. Sai na ce akwai wata magana, na fara ba shi labarin takardar.

Ya ce, “An faɗa mini.”

“Baba, ka yafe mini.”

Ya gama ɗaure igiyar takalmin. Sannan ya ce, “Ranar zaɓe daga gadon likita na sa aka kai ni rumfa. A hannun hagu suka sa mini tawada. Su na zaɓa, kamar kai. Da ka zo ka tambaye ni, wataƙila ni ma in ce a jira. Amma hannuna ne, ɗana, kuma ba ka tambaye ni ba.”

Ya ce ya yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ya sa aka kawo mini ruwa. Na sha, na kasa zama, na yi sallama.

Da wa'adina ya cika ban sake tsayawa delege ba. Matar nan aka zaɓa, ko da yake wasu maza sun yi gunaguni. Alhaji bai manta mata ba, sau biyu yana neman hanyar korarta, bai samu ba. Ban fita daga jam'iyya da hayaniya ba, na dai daina zuwa taron unguwa, kuma ba wanda ya zo nemana. Gyaran dokar, har na bar maɗaba'ar ban ji an yi shi ba.

Baba ya yi shekara ɗaya da 'yan watanni a bakin ƙofa, yana buɗe wa motar takarda, yana gaida masu shigowa. Kullum da safe sai na wuce ta gabansa, kullum sai ya riga ni gaisuwa. Da damina ta biyu ta kusa ya ce zai koma gida, 'ya'yansa za su yi masa noma. Mu huɗu muka raka shi tasha. Ni na ɗora masa buhunsa a kan mota, ya ce in gaida iyali, motar ta tashi.