Ruwan Rijiyar Malam Jaji

In ka ga wata doguwar mata a unguwar Takur a Dutse, da farin tabarau, tana tafiya kai a ƙasa kamar wadda ta yar da allura, to Malama Adawiyya ce. Da ba haka take ba. Ni Misbahu na san ta tun muna cin ƙasa, don taubashiyata ce: mahaifiyarta, Gwaggo Talatu, ƙanwar babana ce. Shekara huɗu ina ɗaukarta a adaidaita sahuna, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, a kan idona aka yi shi. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

A wani ƙauye bayan Miga aka haife mu. Mahaifinta, Malam Jaji, malamin allo ne, amma ba da karatu kaɗai aka san shi ba, har da rijiya. Da hannunsa ya haƙa ta a ƙofar gidansa, rani biyu yana fama, Gwaggo tana amarya tana kwashe masa ƙasa da kwando. Ya sha faɗa cewa bai bar gona ba bai bar shanu ba, wannan ce sadakarsa mai gudana: duk wanda ya kurɓi ruwanta, ladan zai iske shi har cikin kabari. Bayan rasuwarsa Gwaggo takan zauna a bakin zaure da hantsi tana kallon masu jan ruwa. In guga ya fito sai ta yi murmushi ta ce, “Malam yana samu.”

Adawiyya ce auta, kuma tun tana ƙarama tambaya ta yi mata yawa. Me ya sa gishiri yake ɓacewa a miya? Ina wutar fitila take zuwa in an hure ta? Malam ya gaji da amsa, ya ce a kai ta boko ta je ta dami wasu. Ta karanta kimiyya a Dutse, ta koyar a sakandare, daga baya aka ɗauke ta a wani shiri na kai kimiyya makarantu da kasuwanni. Nan ne fa ta sami abin da take so.

Kai, ka ga aiki! Mu ɗora akwatinta tun da safe mu nausa. A kasuwar Jahun ta tsaya da lasifika tana nuna wa masu tumatir yadda za su busar da shi ba ƙasa ba ƙuda. A makarantu ta kunna ɗan ƙwan fitila da lemon tsami, yara su yi ta ihu. Masu walda ma ba ta ƙyale su ba, sai da ta sa suka bar kallon wuta da tsiran ido. Ni ina kiranta Likitar Kwaɗi, ita tana ce mini Direban Gwangwani. A hanya mu yi ta caccakar juna har mu isa.

Shekarar da ta biyo bayan babbar ambaliya aka kawo musu wasu ƙananan kwalabe na gwajin ruwa. Abin ba wuya: a zuba ruwa, a rufe, a ajiye kwana biyu. In ya zauna fari, lafiya lau. In ya yi baƙi, to ƙazantar bayan gida ta shiga ruwan. Adawiyya ta ce a ƙauyenmu za a fara nuna wa jama’a, kuma na san dalili. So take ta ɗaga ruwan rijiyar mahaifinta a gaban manyanta na Dutse, fari tas, kowa ya gani.

Ta ɗebi kwalba uku: ta kududdufi, ta rijiyar kasuwa, da ta rijiyar Malam, kowacce da suna a jiki. Aka sa su a akwati, aka kulle a kabad ɗin hedimasta. Ranar taro filin firamare ya cika. Ga dagaci, ga ’yan kasuwa, ga Yaya Abdulrauf, babban wanta da ya gaji makarantar Malam, ga ogan su Adawiyya daga Dutse da mai ɗaukar hoto. Gwaggo ma ta zo da sabon mayafi, ta zauna cikin mata a gindin maina.

Ni ta aika na ɗauko akwatin, muka buɗe a bayan aji mu biyu. Ta kududdufi baƙa, wannan ba labari ba ne. Ta kasuwa fara sol. Ta Malam kuwa baƙa ƙirin, kamar an zuba mata tawadar allo.

Na ce, “Innalillahi! Ba ni ita in yar, ki ce ta fashe.”

Ta juya kwalbar a hannunta. Ta ce, “Tsohuwar salgar makarantar Baba ce. Ta rufta lokacin ambaliya, aka cike ta da ƙasa. Ashe ta ƙarƙashi ta bi.”

“Haba Adawiyya, wa ya tambaye ki salga? Gwaggo tana zaune a can fa! Ki bari a watse, a yi maganar a cikin gida.”

“A cikin gida za a ce in rufa wa Baba asiri, kai ma ka sani. Yara nawa ne za su sha ruwan nan gobe, Misbahu?”

Ta gyara tabarau ta fita.

Da ta ɗaga kwalbar ta karanta sunan da ke jiki, idanu suka koma kan ’yan gidan Malam. Yaya Abdulrauf ya miƙe ya ce, “Auta, rijiyar Baba?” Ta ce, “Ita ce, Yaya.” Ya kakkaɓe rigarsa ya bar wurin. Shi kuwa ogan nan, wallahi tafi ya yi! Ya karɓi lasifika yana washe baki, wai wannan ita ce kimiyya a aikace, wai kafin azumi za a kawo famfo mai aiki da hasken rana. Kafin a watse ya sa an shafa jan fenti a bakin rijiyar, aka ɗauki hoto. Na waiwaya gindin maina, na ga Gwaggo ta tashi tana tafiya gida ita kaɗai.

Adawiyya ba ta zauna ba. Sau uku tana kawo masu yasar rijiya, sau uku ana zuba magani. Yaya Abdulrauf, duk da ba ya amsa gaisuwarta, ya sa an mayar da bayin makaranta can bayan gari. Bayan kowace yasa sai ta ɗebi ruwa ta ajiye kwana biyu, ya fito baƙi. Ƙasar wurin ta riga ta sha. Ta yi ta rubuta takarda kan maganar famfo, ni nake kai ta ofis. Ranar ƙarshe na ji da kunnena wani ma’aikaci yana ce mata, “Malama, mu wayar da kai muke yi, ba gini ba.” Ka ji fa! Sun iya nuna wa mutum ciwonsa su ɗauke shi hoto, magani kuwa ya nema wa kansa. Azumi biyu suka wuce, shirin ma ya ƙare, aka sallami kowa. Hotonta riƙe da baƙar kwalba yana nan manne a tagar ofishin, rana ta cinye shi.

Mutane kuwa sun ji magana, kuma ban ga laifinsu ba. Suka koma rijiyar kasuwa duk da nisanta. Ƙofar gidan Malam da ba ta rabuwa da hayaniyar mata da ƙarar bokiti ta zama kamar an yi shara. Mutum ɗaya ce ta rage. Kullum da hantsi Gwaggo za ta fito da guganta, ta ja da ƙyar, ta cika ’yar randarta. Shi take sha, ba ta shan wani.

Ina nan ranar da Adawiyya ta durƙusa a gabanta tana roƙo. “Inna, don Allah ko dafawa ki riƙa yi. Na tambayi malamai, sun ce ladan Baba yana nan, Allah yana duba niyya.”

Gwaggo ta ce, “Malamai ba su kwashi ƙasar rijiyar nan ba, ni na kwasa. Cewa ya yi duk wanda ya sha. Kin kore masa kowa, Auta. Ni ma so kike ki kore ni?”

“Cuta ce a ciki, Inna.”

“Shekara arba’in ina sha. Dafa shi kuwa, ai cewa na yi ruwan Malam ƙazanta ne. Bakina ba zai faɗa ba, hannuna ma ba zai faɗa ba.”

A hanyar komawa Dutse na so in tsokane ta ko ta saki rai, na ce Likitar Kwaɗi an gamu da wadda ta fi ta taurin kai. Ba ta rama ba. Tun daga ranar ban ƙara jin Direban Gwangwani a bakinta ba, kuma wallahi na yi kewarsa.

Da damina ta kama, zazzaɓi da gudawa suka kwantar da Gwaggo. Muka kai ta asibiti a Jahun, aka sa mata ƙarin ruwa, likita ya ce taifot ne kuma ya ci jikinta. Sun yi iya ƙoƙarinsu. A kwana na huɗu ta daina karɓar komai ta baki, leɓenta ya bushe ya tsage. Da azahar ta buɗe ido ta ce, “A kawo mini ruwan Malam.”

Adawiyya ta dube ni. Na ɗauki jarka na kama hanya. Na isa bakin rijiyar, ga jan fentin nan ya koɗe, ga gurbin da igiya ta ci a jikin itace. Na ja ruwa, ya fito garau, da sanyinsa, ba abin da ido zai gani. Ƙishi nake ji kamar in mutu. Ba zan yi ƙarya ba: ni da na ce a yar da kwalba, ban iya kurɓa ba. Sai da na fita titi na sayi ruwan leda.

Da na dawo Adawiyya ta tare ni a ƙofar asibiti ta karɓi jarkar. Maimakon ta shiga ciki sai ta nufi wurin mai shayi, ta roƙe shi ya tafasa mata.

Na ce, “Ke, wannan kuma na mene ne? Likita ya riga ya gaya mana abin da ake ciki. Ki ba ta abinta yadda ta nema.”

Ta ce, “In kuma da sauran kwana fa? In ba ta abin da ya kwantar da ita, da hannuna?” Hawaye na zuba tana juya ruwan tsakanin kofi biyu har ya huce.

Muka shiga. Ta tallafi kan Gwaggo ta kai mata kofin baki. “Ga shi, Inna. Misbahu ne ya ɗebo yanzu.”

Gwaggo ta kurɓa kaɗan, ta riƙe a baki. Ruwan ya yi lami, ga ƙaurin itacen mai shayi. Ta juya kai a hankali ta furzar a gefen matashi. Ta dubi ’yarta, ba faɗa ba tsawa, ta ce, “Har yau ma, Auta?” Sannan ta juya fuska bango.

Adawiyya ta yi ta kira, Inna, Inna, ki sha ko kaɗan ne. Can ta miƙe a gigice ta ce mini, “Ina jarkar? Akwai saura?” Babu. Duka ta juye wa mai shayi. Na zari jarkar na fita da gudu, na tashi adaidaitar, na yi tuƙin da ban taɓa yi ba. Ina bakin rijiyar, guga yana ciki, Yaya Abdulrauf ya kira ni a waya ya ce in dawo a hankali, ba sauran sauri.

Na cika jarkar duk da haka, ban san me ya sa ba. Na iske Adawiyya a zaune a ƙasa gefen gadon, kofin dafaffen ruwan yana hannunta. Ta dubi jarkar, ta karɓa ta rungume, ta ce, “Yanzu wa zai sha?”

Muna wurin mu uku, ni da ita da Yaya Abdulrauf, duk jinin gidan Malam Jaji da na Gwaggo. Ba wanda ya miƙa hannu.