Tabon lauje a kan gilashi

Jiya da la'asar muna zaune gindin wata bishiyar bedi a bakin iyakar Jibiya, ni da Malam Idi, dattijon da nake wa lauya a shari'ar gonarsu ta gado da ke Farfaru. Mai ba mu shaida muke jira daga Maraɗi.

Na buɗe kwamfutar hannuna, na shiga manhajar da nake jera takardun shari'a, inda nake ja musu layi da rubutu a gefe. Takardar sayen gonar ce ta hana ni sakat, domin wani farin layi ya raba dangwalen yatsan mai saye gida biyu. Tuni na kewaye wurin da ja, na rubuta: "Abokan shari'a za su ce jabu ce."

Na ƙara girman hoton har ya cika gilashin. Malam Idi ya leƙo, ya ƙura wa layin ido.

"Ɗiyata, wanga ai yatsan babana ne. Lauje ya yanke shi ran da aka haife ni. Yana yankan ciyawa aka kai mai albishir."

Ya ɗora babban yatsansa a kai, sannu a hankali, kamar mai gaisuwa. Sai ƙugin manyan motoci ya yi mini nisa. Ina ta hango wani saurayi a gona, yatsa na jini, baki har kunne.

Na goge jan, na rubuta: "Tabon lauje. A tambayi tsofaffin gari."

Wata uku ina karanta takardar nan, shi kallo ɗaya ya ga mahaifinsa. Ku fa, da wace alama za ku gane hannun naku mahaifin?