Mudun da Malam Ke Auna Damuwa

Shekara tara ke nan da maigidana, Malam, ya riga mu gidan gaskiya. Ni ban yi boko ba. Ina faɗa, autata Hadiza tana rubutawa don a buga a jarida.

Malam mai gadi ne a gidan wani oga a unguwar Utako, Abuja. Turancinsa bai cika cokali ba, amma kalmomi uku ya riƙe kamar laya, don da su yake aiki. Duk wanda ya zo neman oga, sai Malam ya auna abin da ya kawo shi. In distob ne, wato surutu da neman a gaisa, mutum ya sha ruwa ya juya. In wori ne, abin da ke cin rai amma zai kai gobe, ya zauna a benci har oga ya gama hutawa. In kuwa tirobul ne, wato babbar matsala, Malam da kansa zai je ya buga ƙofar falo.

Da a Utako abin ya tsaya, da sauƙi. Amma hali zanen dutse ne, sai ya kwaso mudun nan ya kawo mana gida Lugbe. In na ce akuyar maƙwabta ta cinye mini zogale, ya ce distob. In na ce rufi na yoyo, ya ɗaga kai ya duba, ya ce wori ne, zai kai rani. Ranar da zanina ya kama wuta a murhu, ina ihu, shi yana tambaya daga ɗaki wanne ne cikin ukun. Ranar na iya Turanci, ba allo ba malami.

Jikokina yau kalma ɗaya gare su, wai sitires. An ɗauke wuta, sitires. Motoci sun cushe a hanyar filin jirgi, sitires. Na ce a miƙo mini buta, ita ma sitires. Da Malam na nan, da dukkansu sun wuni a benci.

Sai dai mai mudu kansa ya tauye wa awo. Wata uku yana dafe ƙirji in ya miƙe daga alwala. Da na matsa masa, sai ya yi murmushi.

"Distob ne, Ladi. Zai sha ruwa ya juya."

Na yarda, don ban taɓa ganin mudunsa ya yi ƙarya ba. Baƙon bai juya ba.

Malam bai bar mini gida ba, bai bar mini gona ba. Mudun nan ne gadona, ina kuma aiki da shi, amma na yi masa gyara guda: abin da ya taɓa jiki a gidan nan, tirobul ne, ba na jiran benci. Makon jiya Hadiza ta yi tari sau biyu, na tasa ta gaba har asibiti. Likita ya ce yaji ne ya sarƙe ta.

"Inna, wallahi kin cika distob," in ji ta.

Na ce na ji, na karɓa, ta rubuta hakan ma a jarida. Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa ya huta inda babu ko ɗaya cikin ukun.